Littafi Ya Cika, Kai Bai Ɗauka Ba: Koya wa Yaran Kankiya da Kusada Fitar da Bayani da Kansu

Duk wanda ya taɓa leƙa aji huɗu ko aji biyar a firamaren gwamnati, a cikin garin Kankiya ne ko Rimaye ko Kafin Soli, ko can Yashe da Mawashi a ƙasar Kusada, ya san yadda rabin safiya ke tafiya. Malam ya ba yara baya, littafi a hagu, alli a dama, yana ta zuba rubutu tun daga saman allo har ƙasa. Yara sun duƙufa, masu benci na kan benci, sauran a ƙasa da littafi bisa cinya. Ba abin da ke tashi sai ƙarar alli, sai kuma muryar mai neman aron biro. In allo ya cika, malam ya waiwayo ya tambaya ko an gama. Na gaba su ce an gama, na baya su ce da saura, a ɗan jira, a goge rabin sama, a ɗora.

Wannan shi ne ba da not, kuma kusan kowa ya gamsu da shi. Uba ya buɗe littafin ɗansa ya ga shafi ya cika maƙil, hankalinsa ya kwanta cewa kuɗin littafi bai tafi a banza ba. Hedimasta ya samu shaidar an yi darasi. Jami'in da ya zo duba makaranta ya ɗaga littattafai biyu ko uku ya ga an kai inda manhaja ta ce a kai. Yaron ne kaɗai ba a tambaya. Ka ce masa ya rufe littafin ya faɗa maka abu uku cikin abin da hannunsa ya rubuta yanzun nan, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai. Rubutun ya shiga ta ido ya fita ta yatsu, bai yada zango ko'ina ba.

Abin da ya kamata yaro ya fara koya tun yana aji uku daban ne. Ya karanta bayani a kan wani abu na zahiri, ruwan sama ko sauro ko tarihin garinsu, ya tsaya, ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci, ya rubuta shi a gajarce da kalmomin bakinsa. Ana iya koyar da wannan a ajin da ba wuta, ba fanka, ba littafi a hannun kowane yaro. A ganina rashinsa na cikin manyan dalilan da ke sa 'ya'yanmu su shiga sakandare suna iya furta abin da ke kan takarda, amma ba su iya cin moriyarsa.

Abin da ya haifi al'adar

Kafin a ɗora wa malamai laifi, a duba halin da suke ciki. Inda littafin kimiyya guda ɗaya ne tak a aji, shi ma a hannun malam, abin da aka kwafa daga allo shi ne littafin yaro. In bai kwafa ba, ba shi da abin dubawa ran jarrabawa. Ga yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kankiya mutum sama da 150,000, Kusada kuma kusan 100,000, kuma tun daga nan ƙaruwa ake ta yi. Malamin da ke tsaye shi kaɗai gaban tarin yara ya san kwafa ce aikin da ke zaunar da kowa shiru lokaci guda. Ga kuma harshe. Littattafan manyan ajujuwa da Turanci suke, kuma yaron da ko karatun Hausa bai gama zama a bakinsa ba, ba yadda za a yi ya taƙaita jimlar Turancin da bai gane ba. Iyakarsa ya zana haruffanta.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da abokan aikinsu suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba su iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa kashi 90.

An yi ƙoƙari a matakin farko, kuma ya kamata a faɗa. Shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo jihohin Katsina da Zamfara a 2015 da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya mai da hankali kan koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da lissafi da Hausa, da littattafai a hannun yara da horo ga malamai. Irin wannan aiki yana kai yaro ga haɗa baƙi da karanta jimla. Amma akwai gaɓar da ke gaba. Jeanne Chall, malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, ta bayyana a littafinta na 1983 cewa wajen aji huɗu ne aikin yaro ke juyawa: da yana koyon karatu, yanzu ana so ya yi karatu don ya koyi wani abu. Binciken da ta yi daga baya ya nuna cewa a nan ne 'ya'yan talakawa suka fi fara zamewa baya, domin rubutun da ke gabansu ya tashi daga labari ya koma bayani, mai baƙin kalmomi da tsari na daban. Tatsuniya tana jan yaro da kanta, yana son ya ji yadda Gizo zai ƙare. Bayani a kan yadda ruwa ke zama girgije ba ya jan kowa, sai an koya wa yaro inda zai kama shi.

Ko a Amurkan ma an makara wajen gane haka. Wata mai bincike, Nell Duke, ta zauna a ajujuwan 'yan aji ɗaya, ta fitar da sakamako a 2000 cewa minti 3.6 kacal ake ba rubutun bayani a yini. A 2010 kuma Steve Graham da Michael Hebert suka tattara bincike masu yawa, suka ga cewa sa yara su yi rubutu a kan abin da suka karanta, taƙaitawa ce ko fitar da muhimman bayanai ko amsa tambaya, yana ƙara musu fahimtar karatun.

Zaure ya riga boko

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ba baƙon abu za a shigo mana da shi ba. Ƙasar Katsina da ta fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani ta daɗe da sanin wannan aiki. Je ka zauren malamin da ke ba da karatun ilimi bayan asuba ko bayan la'asar, ka karɓi Ahalari ko Iziyya ko Risalar ɗalibin da ya daɗe yana ɗauka. Za ka ga ƙananan rubutu sun kewaye matanin. Ƙarƙashin kalmar Larabci mai wuya an sa ma'anarta da ajami, kalma ɗaya tak. A gefen shafi an karkata alƙalami an rubuta wata fa'ida da malam ya faɗa, da sunan littafin da ya ciro ta. A tsofaffin littattafan hannu ma da gangan marubuta kan bar tazara mai faɗi tsakanin layi da layi, don ɗalibi ya samu wurin sa nasa.

Ɗalibin zaure ba ya rubuta duk abin da malam ya ce. Yana saurare, yana auna abin da ya riga ya sani da abin da zai iya kuɓuce masa, sai ya kama na biyun. Shi ya sa littafin ɗalibai biyu da suka yi karatu gaban malami ɗaya ba ya zama iri ɗaya.

Makarantar allo kuwa kwafa da hadda take yi, kuma daidai ne, domin Alƙur'ani ana kiyaye shi ne harafi da harafi, ba a taƙaita shi, ba a sauya masa lafazi. Kuskuren da aka yi a firamare shi ne ɗaukar wannan hanya a ɗora wa darasin kimiyya da na lafiya da na zamantakewa, waɗanda ba lafazinsu ake buƙata ba, ma'anarsu ake so. Iyayenmu malamai sun raba hanyoyin biyu tun tuni.

Darasi ɗaya a kan ƙuduji

A ce malamar aji huɗu a wata makarantar ƙauye a Kusada ta rubuta wannan a allo, da kakar gero:

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawa ce mai fure ja-ja da ke fitowa a gonar dawa da gero da masara. Saiwarsa tana manne wa saiwar shuka a ƙarƙashin ƙasa, tana tsotse ruwa da abincinta, shi ya sa shuka ke tsumburewa tun kafin a ga ƙudujin a sama. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙananan iri, kuma irin yana iya shekara 10 ko fiye a cikin ƙasa bai mutu ba. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Manomi na rage shi ta hanyar tuge shi kafin ya zubar da iri, da zuba taki, da sauya shuka zuwa gyaɗa ko waken suya.

Umarnin farko shi ne wanda yara ba su saba ji ba: kowa ya ajiye biro. A karanta tare sau biyu. Kafin a ci gaba, malama ta tambayi abin da suka riga suka sani, kuma a nan ajin zai ɓarke, domin waɗannan yara sun tuge ƙuduji da hannunsu, wani ma zai ce gonar babansa ta gabas ta fi ta yamma yawansa. Wata malama Ba'amurkiya, Donna Ogle, ta tsara wannan dabara a 1986: a raba shafi gida uku, abin da na sani, abin da nake so in sani, abin da na koya. Ɗan manomi da ya ga an rubuta saninsa a gidan farko ya gane cewa karatun nan da shi ake.

Sai malama ta yi aikin a gabansu, da babbar murya, suna jin yadda take tunani. Jimlar farko tana faɗa mana mene ne shi da inda yake fitowa. Launin furen yana da daɗin ji, amma shi ne ke kashe gero? A'a. To, a bar shi. Jimla ta biyu fa? Nan maganar take, a ja layi ƙarƙashin saiwa da tsotse. Haka za ta bi har ƙarshe, kamar mai sheƙa a bakin turmi, tsaba ta zauna a ƙwarya, ƙaiƙayi ya bi iska. Daga nan ta goge allon, ko ta rufe shi da tabarma, ta ce kowa ya rubuta layi uku, ba jimla cikakkiya ba, kalmomi kawai.

Littafin yarinyar da ta kama zancen zai iya nuna haka: ƙuduji, tsotse saiwar gero da dawa, iri da yawa, daɗewa a ƙasa, magani, tugewa da wuri, taki, gyaɗa. Wani yaro zai zana gero da ɗan tsiro manne a saiwarsa, ya ja kibiya ya rubuta ɓarawo. Shi ma ya ci, watakila ma ya fi.

Ba a ranar ake gane ko aikin ya yi ba, sai washegari. Kowane yaro ya buɗe layukansa uku, ya juya ga na kusa da shi, ya mayar masa da bayanin da baki. Wanda ya iya sake gina maganar daga kalmominsa, rubutunsa ya yi amfani. Wanda ya tsaya a tsakiya ya ga da idonsa abin da ya bari, kuma gobe zai kama shi.

Kurakuran farko sanannu ne. Wasu za su haddace jimlar farko su zuba ta yadda take, su tsaya. Wasu za su ɗauki abin da ya fi ba su mamaki, shekara 10 a ƙasa, su manta da abin da ƙudujin ke yi wa shuka. Duk wannan hanya ce. Abin da ke kashe aikin shi ne jan biro da bulala. In malam ya bi layukan yaro yana zagaye kuskuren harafi da ja, yaron zai koma inda ba a kama shi da laifi, wato kwafa. Gyaran ƙa'idar rubutu na da nasa darasin.

Ana hawa ne daki-daki. Ɗan aji ɗaya da aji biyu, malam ya karanta masa, shi ya yi zane ya sa kalma ɗaya. Aji uku, kalma uku. Aji huɗu, layi uku. Aji biyar da shida za su iya ɗaukar tsarin da Walter Pauk ya fitar a Jami'ar Cornell a shekarun 1950: a ja layi a tsaye a raba shafi, bayani a dama, tambayoyi a hagu, taƙaitawa a ƙasa. Mai bita sai ya rufe dama da tafin hannu ya amsa na hagu. Rula ma ba dole ba ce, gefen wani littafin ya isa.

Malamin da zai ce yaransa sun yi yawa yana da gaskiya, amma ba a ce ya duba kowane littafi kullum ba. Yara biyu-biyu suna duba wa juna, shi ya ɗauki biyar yau, wasu biyar gobe. Kuma ba a ce a daina kwafa gaba ɗaya ba. Inda babu littafi, a kwafi abin da ya zama dole, amma ko sau biyu a mako a bar yaro ya fitar da nasa. Akwai ma riba ga aljihun uba: darasin da ke cin shafi biyu zai koma rabin shafi, littafi mai ganye 40 ya daɗe. Sai dai dole a yi wa iyaye bayani a taron kwamitin makaranta, in ba haka ba za su ga rubutu ya ragu su ce malam ya daina aiki. Jami'an ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da na hukumar SUBEB su ma sai sun sauya ma'auni, su riƙa tsayar da yaro su ce ya duba littafinsa ya ba su bayani, maimakon ƙirga shafuka.

Me za su karanta, da wane harshe?

Nan ne ƙafar ta fi yin rauni. Littattafan Hausa na yara yawancinsu labarai ne. Amma ba daga babu za a fara ba. Tun da daɗewa a Zariya, Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah, jerin littattafai a kan halittu da yadda duniya ke gudana, da Hausa mai daɗi. Akwai Zaman Mutum da Sana'arsa, wanda Ahmadu Ingawa, mai Iliya Ɗan Maiƙarfi, yana cikin marubutansa, kuma Ingawa maƙwabciyar Kusada ce da Kankiya. Waɗannan littattafai sun tsufa, wasu bayanansu na buƙatar gyara, amma sun nuna cewa Hausa na ɗaukar bayanin kimiyya da na sana'a ba tare da ta yi nishi ba.

Kafin a samu sababbi, garin cike yake da abin karantawa. Fastar da ke bangon asibiti a kan gidan sauro, katin rigakafin ƙanin yaro, bayanin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina, shafin noma a jaridar Aminiya. Kankiya na da makarantar koyon aikin lafiya. Ɗalibanta, waɗanda su kansu kullum cikin fitar da bayani daga lacca suke, za su iya rubuta gajerun bayanai da Hausa a kan ruwan sha da wankin hannu da gudawa, malamansu su duba, a raba wa firamaren da ke kewaye. Sakin layi ɗaya mai jimla biyar ya ishi darasi guda.

Batun harshe kuwa gwamnati ta yi ta kai da kawo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa a ƙananan ajujuwa. A Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Ko ma wace takarda ce ke aiki a Abuja, ra'ayina shi ne a bar yaro ya rubuta nasa bayanin da harshen da yake tunani da shi. Yaron da ya karanta sakin layi da Turanci ya fitar da ma'anarsa da Hausa ya nuna ya gane shi, fiye da wanda ya kwafe shi tsaf babu kuskure. Ɗalibin zaure haka yake yi da Larabci. Kuma malaman da ake yayewa a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Katsina sai an sa su sun yi wannan aiki da hannunsu tukuna, domin wanda aka rena da haddar takardun lacca ba zai koyar da abin da bai taɓa yi ba.

Layi na huɗu

Akwai ƙarin layi ɗaya da nake so a ga 'yan aji biyar da shida suna sawa a ƙasan bayaninsu: daga ina na samo wannan? Sunan littafi da shafi, ko fastar asibiti, ko Kaka ce ta faɗa.

Dokta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945 ya rasu a 2005, ya zauna a benci a babbar firamaren Kankiya yana yaro. Ya zama malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta tarihin sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. An san shi da matsa wa ɗalibai kan su auna kowace madogara: wa ya faɗa, yaushe, me ya sa ya faɗa. Yaran da ke wannan gari yau za su girma ne da waya a hannu, saƙonni na shigo musu ta WhatsApp ba mai suna ba mai tushe, don haka sun fi na da buƙatar wannan tambaya, kuma ba sai sun kai jami'a za a fara yi musu ita ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce aikin gida da ba ya buƙatar littafi. A ce kowane yaro ya je wurin wani tsoho a unguwarsu ya tambaye shi yadda aka kafa kasuwar garin, ko wanda ya haƙa tsohuwar rijiya, ya dawo da layi uku da sunan wanda ya ba shi labarin. Washegari za a tarar bayanan sun saɓa. Wannan ya ce a zamanin hakimi kaza ne, wancan ya ce kafin nan ne. Malam ba zai yanke hukunci ba. Zai rubuta duka biyun a allo, kowanne da madogararsa a gefe, ya tambayi ajin wane ne cikin tsofaffin biyu ya ga abin da idonsa, wane ne ya ji a bakin wani, kuma wa ya rage a garin da za a je a tambaya kafin ranar Alhamis.